Ƙarfen ne jirgi, ko aikin da yake yi?

Ba a taɓa jin kukan jirgin ƙasa a Gagamari da ke bakin kogin Komadugu ba. Dogon da ya nufo kwarin Komadugu ya tsaya a Nguru tun 1930, inda a da yake kwasar gyaɗa da fatu zuwa Kano. Amma tambayar da wani kan jirgi na ƙasar Holan ya tayar, manomin tattasai na bakin kogin nan zai gane ta nan take.

Ran 20 ga Satumba 1839 aka buɗe dogon farko na Holan, daga Amsterdam zuwa Haarlem. Ɗaya daga cikin kawunan da suka ja taragun ranar shi ne De Arend, wato Gaggafa, ƙirar Ingila. A 1857 aka farfasa shi. Da za a yi bikin cika shekara 100 a 1939, maƙeran Zwolle suka ƙera wani sak irinsa, aka hura masa wuta, tukunyarsa ta tafasa, ya yi tafiya. Yau yana gidan tarihin jiragen ƙasa na Utrecht.

To, shi ne Gaggafa, ko mai kama da shi? Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane. Ko ƙusa ɗaya ta 1839 ba a ce tana jikinsa ba, kuma shekara fiye da 80 aka yi babu shi a duniya.

Sai dai tsufan ƙarfe ba shi ne ma'auni ba, kuma Musulmi ya fi kowa sanin haka. Ƙuraishawa sun sake gina Ka'aba lokacin Annabi (SAW) yana da shekara 35. Abdullahi ɗan Zubairu ya rushe ta ya sake gini, ya shigar da Hijiru Isma'ila ciki. Hajjaju ya zo ya mayar da ita kan ginin Ƙuraishawa. A 1630 ambaliya ta kayar da bangayenta, aka sake tayar da su a zamanin Sarkin Musulmi Muradu na huɗu. Duk da haka ba a taɓa samun malamin da ya ce alƙibla ta sauya ba. Wurin bai gusa ba, masu salla ba su daina fuskantarsa ba. An ruwaito cewa da wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake rushe ta, Imamu Malik ya hana shi, don kada Ɗakin ya zama abin da kowane sarki zai yi ta sauyawa, kwarjininsa ya fita daga zukata. Abin da Malik ya ji wa tsoro ya fi dutse.

A nan Gaggafa na biyu ya gaza, domin aikinsa ya yanke. Ba ya kai kowa kasuwa. Koyarwa yake yi, kuma wannan aiki ne mai daraja muddin an faɗi shekarar da aka ƙera shi.

Komadugu kuwa kowace shekara sai ta janye, yara su taka yashinta da ƙafa. Da damina sabon ruwa ya gangaro daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ba ɗigo ɗaya na bara. Manomi ya sauke injin ban ruwa a gaɓar da mahaifinsa ya kafa jigo, ya ja igiya, ruwan ya bi kwalbati zuwa fangalin tattasai. In an tambaye shi, cewa zai yi kogi ya dawo.