Itace Ba Ya Cin 'Ya'yansa

A babi na 5 na wasiƙarsa zuwa ga ikilisiyoyin Galatiya, yankin da ke cikin Turkiyya a yau, Manzo Bulus ya lissafa halaye tara da Ruhu Mai Tsarki ke haifarwa a zuciyar mai bi, ya kamanta su da 'ya'yan itace. Kamancen ba ado ba ne. Mutanen da ya rubuta wa suna cikin gardama kan kaciya da kiyaye shari'ar Musa, har sun fara cin naman juna, shi ya sa akasarin halayen ba sa tabbata sai da mutum na biyu. Haƙuri yana bukatar wanda ya ɓata maka rai, aminci yana bukatar wanda ya ba ka amana. Wanda ya ce ya cika da Ruhu amma maƙwabcinsa bai taɓa ɗanɗana komai ba, ganye kawai ya yi.

Wani zai ce, idan Ruhu ne ke haifar da su, ina amfanin ƙoƙarin mutum? Manomi ba ya ƙera dawa, amma idan ya ƙi noma ciyawa ce za ta cinye gonar. Addu'a da tuba su ne noman. Tambayar da ta fi nauyi ita ce, ai akwai mutanen kirki da ba Kirista ba. Gaskiya ne, musun haka girman kai ne. Abin da Bulus ya hana shi ne mai bi ya ɗauki kirkinsa abin taƙama, tunda ba shi ya shuka ba.