Wa Ya Ɗaga Wanda Ya Tashi?

Ƙanena ya yi shekara shida yana shan ƙwaya, sannan ya daina. Mahaifiyarmu ta ce Allah ne ya kamo hannunsa. Kawunmu ya ce yaro ne ya yi zuciya, a bar masa yabonsa. Ina zaune tsakaninsu sai na tuna cewa Kiristoci sun fi shekara 1,600 suna wannan gardama.

Wajen shekara ta 400, wani mai gudun duniya ɗan Birtaniya, Felajiyus, ya ga Kiristocin birnin Rum suna sheƙe ayarsu, suna fakewa da raunin ɗan Adam. Ya ce Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba. A ganinsa, zunubin Adamu mugun misali ne kawai, ba gado ba ne. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ƙi yarda. Ya ce zuciyar mutum ta karkace tun haihuwa, ko son tuba ma alherin Allah ne ke fara dasa shi. Majalisar Kartaj ta 418 ta yi tir da koyarwar Felajiyus, amma maganar ba ta mutu ba. A 1524 Erasmus ya kare 'yancin zaɓin mutum, Martin Luther ya mayar masa da martani a 1525. A taron Dort na 1618 zuwa 1619 kuma aka ƙi ra'ayin almajiran Arminiyus, masu cewa mutum na iya bijire wa alherin da aka miƙa masa.

Da ina ganin wannan surutun malamai ne. Ƙanena ya nuna mini ba haka ba ne, domin amsar da ka zaɓa ita ke gaya maka yadda za ka dubi wanda bai tashi ba. Abokinsa da suka fara tare yana nan cikin shaye-shaye har yau. In ƙoƙarin mutum ne kaɗai, to ƙanena ya fi shi, yana da damar yi masa kallon raini. In kuwa alheri ne kaɗai, me zan ce wa abokin? Ya zauna ya jira?

Na fi karkata ga Agustin, saboda ƙanena da bakinsa ya ce sau da yawa ya yi niyya ya kasa, bai kuma san abin da ya bambanta ranar ƙarshe ba. Amma ban yar da gargaɗin Felajiyus ba. Manomi ba ya saukar da ruwa, kuma ba ya barin gonarsa ba shuka don yana jiran damina.

Shi ya sa nake gaya wa ƙanena ya yi godiya, kada ya yi fahariya. Abokin kuwa, ran Asabar za mu sake komawa wurinsa.