Hukuncin Jan Wayar Murhun Lantarki a Gidan Haya

Tambaya: Ina haya a wani bene a Al Wakrah, ƙasar Qatar. Na sayi babban murhun lantarki mai tanda, amma ƙaramin soket kawai ke kicin ɗin. Wani ɗan'uwa ya ce zai jawo mini waya daga akwatin wuta, ba sai mai gida ya sani ba. Ya halatta? Kuma zan iya cire kuɗin aikin daga kuɗin haya?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bai halatta ba, ɗan'uwa. Abin da ka biya wa kuɗi shi ne amfanin gidan. Bango da wayoyin da ke cikinsa na mai gida ne, amana ce a hannunka. Ɗan haya ba ya ramuwar abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kuma fasa bango da taɓa akwatin wuta a ɓoye ƙetare iyaka ne. Idan gobara ta tashi ta nan, ramuwa tana wuyanka.

Haɗarin gobarar ne ma ya fi damuna, domin bene ba na mutum ɗaya ba ne. Soket ɗin gidajen Qatar na amfiya 13 ne a kan bolt 240, ƙarfinsa kimanin kilowat 3, alhali babban murhu in an kunna kawunansa da tanda yakan ja ninkin haka ko fiye. Shi ya sa ake ja masa waya mai kauri tasa shi kaɗai, da makunninsa na musamman, da wayar ƙasa. Siririyar waya sai ta yi zafi a cikin bango har robarta ta narke, maƙwabta na barci da 'ya'yansu. Hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, ya hau kan wannan kai tsaye. Bin ƙa'idojin Kahramaa, hukumar wuta da ruwa ta ƙasar, wajibi ne a nan, tunda don kare rai aka sa su.

Batun kuɗi kuwa, duba takardar hayarka. In an rubuta cewa kicin yana da wurin murhun lantarki, ko yana da shi ya lalace, ka nemi mai gida ya gyara. Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya ba ya tilasta masa gyara, sai dai ya ba ka zaɓin fita. Hambalawa sun ɗora masa. Kai dai kana Qatar, sharaɗinku da dokar haya mai lamba 4 ta 2008 su za a bi, kuma akwai kwamitin sasanta rikicin haya in ya ƙi. In kuwa ƙari ne kake so don kanka, kuɗin naka ne, kada ka taɓa kuɗin haya sai da yardarsa.

Nemi izininsa a rubuce, ku ambaci wanda zai biya da makomar wayar ranar da za ka tashi, sannan mai lasisi ya yi aikin. Kafin nan, yi girki da tukunyar gas ta Shafaf in dokar benen ta yarda, ko ƙaramin murhun da soket zai iya ɗauka.

Wallahu a'alam.