Ɓata Halitta Domin A Gane Ta: Mas'alar Ƙwan Kifi

Mas'alar da muke son mu duba a wannan karo ita ce: shin ya halatta ɗan Adam ya lalata halittar wata dabba da gangan domin ya san yadda aka tsara ta? Wani abu da ya faru a ɗakunan bincike na Amurka da Jamus ne ya tayar da ita, kuma asalinsa wani ɗan kifi ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Kifin nan asalinsa ƙoramu da fadamun shinkafa na Indiya da Bangaladash. Yana da zane a jiki irin na jakin dawa, shi ya sa ake ce masa kifin zebra. Macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa a cikin ruwa, kuma ƙwan garau yake kamar gilashi, har mai madubin ƙara girma yana kallon abin da ke gudana a ciki ba tare da ya fasa shi ba. George Streisinger na Jami'ar Oregon ne ya fara jawo hankalin masana zuwa gare shi, da aikin da ya fitar a 1981.

Ga abin da ake gani. Bayan kamar minti 45 da haɗuwar ƙwai da maniyyi, ƙwayar jiki guda ɗaya tak sai ta rabu biyu, sannan kowane minti 15 a sake rabuwa: huɗu, takwas, goma sha shida. A cikin awa 3 na farko ɗan tayin bai fara aiki da nasa ƙwayoyin gado ba tukuna. Da guzurin da uwa ta zuba masa a cikin ƙwan yake tafiya. Wajen awa 6 sai wani ɗan kauri ya bayyana a gefe guda, masana suna kiransa garkuwa, kuma daga nan ne ake sanin inda baya zai kasance. Daga awa 10 tsokar baya ta fara yankuwa gunduwa-gunduwa, biyu-biyu, daga wajen kai zuwa wutsiya, kamar ana jera tubali, har su kai kusan 30 a kowane gefe. Kwana ɗaya na cika zuciya ta soma bugawa. A rana ta biyu ko ta uku ya ƙyanƙyashe.

To me ke sanar da wannan ƙwaya cewa ita ta baya ce, waccan kuma ta ciki? Ƙwayoyin gado, wato rubutun da kowane mai rai ke gada daga uwa da uba, su ne sababin da Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya. Ɓangaren ciki yana fitar da wani furotin mai suna BMP, garkuwar nan kuma tana fitar da kodin, wanda ke kama BMP ya hana shi aiki. Inda BMP ya yi yawa sai a sami jini da fata, inda aka danne shi sai a sami ƙwaƙwalwa da igiyar baya. Kowace ƙwaya tana gane matsayinta ne da gwargwadon abin da ya iso gare ta.

Ta hanyar ɓatawa aka san wannan, kuma nan mas'alarmu take. A Tubingen ta Jamus, ƙarƙashin Christiane Nüsslein-Volhard, wadda ta sami kyautar Nobel a 1995 kan irin wannan aiki a jikin ƙuda, da kuma Boston ƙarƙashin Wolfgang Driever, an riƙa tsoma mazan kifin cikin wani magani mai lalata ƙwayoyin gado, a bar su su hayayyafa, a zauna ana duba zuriyarsu. An buga sakamakon a watan Disamba na 1996. Daga wannan aiki da wanda ya gabace shi a Oregon aka sami kifi marar wutsiya, da wanda idanunsa biyu suka haɗe suka zama ɗaya a tsakiyar fuska, da wanda ya rasa kodin, kansa ya ƙanƙance, ɓangaren cikinsa ya yi yawa. Duk wanda aka gani da naƙasa, sai a bi diddigi har a gano ƙwayar gadon da ta lalace, daga nan a san aikinta. Mafi yawansu sukan mutu cikin ƴan kwanaki.

Mai cewa haramun ne yana da hujja, kuma ba mu raina ta ba. Suratun Nisa'i ta lissafa jirkita halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ke umurni da su. Hadisi ya inganta game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, kuma an hana yi wa dabba lalas a fuska. Idan haka shari'a ta tsananta a kan kyanwa guda, ina ga dubban kifaye da aka naƙasa da gayya?

Sai dai fiƙihu bai tsaya a nan ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa an halatta dandaƙe tumaki da awaki saboda gyaran namansu, an kuma hana yin haka ga dawaki. Aikin ɗaya ne, hukunci ya bambanta, domin a ɗaya akwai maslaha tabbatacciya, a ɗayan kuwa hasara ce. Ke nan taɓa jikin dabba ba shi ne kaɗai ma'auni ba; ana duba abin da ake nema da shi, da girman cutar da aka yi. Taure muna dandaƙe shi don ya yi ƙiba. Idan an halatta wannan saboda daɗin nama, da wuya mu ce an haramta wancan alhali ana neman sanin abin da ke naƙasa ƴaƴan mutane.

Kuma sanin ya samu. A 2013 da aka kammala karanta rubutun gadon wannan kifi, an ga cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa. Akwai kuma wani abu da masu binciken suka riƙa gani kullum: iyaye biyu lafiyayyu, amma kusan ɗaya cikin huɗu na ƙwansu naƙasasshe, domin kowanne daga cikin iyayen yana ɗauke da rabin lalacewar a ɓoye. Lissafin nan shi ne dai na ciwon amosanin jini da muka sani a gidajenmu. Sau nawa aka haifi yaro da tawaya a garuruwanmu aka ce ɗan ruwa ne, ko aka ce uwar ce ta fita da almuru, har dangin miji suka tsangwame ta? A irin wannan gado, rabin sababin daga uba yake, kuma babu laifi a kan ko ɗayansu. Ilimin da zai ɗauke zargi daga kan mace marar laifi muna lissafa shi cikin maslaha.

Wannan halaccin da muke gani yana da iyaka, kuma iyakar ita ce buƙata. A 2003 aka fara sayar da irin wannan kifi a Amurka da sunan GloFish, bayan an sa masa ƙwayar gadon wata halittar teku don ya riƙa ƙyalli da launi a cikin falo. Ba mu ga maslahar da za ta ɗauki nauyin wannan ba, ado ne kawai. Mafi muni shi ne abin da He Jiankui ya yi a ƙasar Sin a 2018, da ya sauya ƙwayar gadon ƴan tayi na mutane har aka haifi tagwaye; kotu ta ɗaure shi shekara 3 a 2019. Ƙiyasin taure bai kai ga ɗan Adam ba ko kusa.

Saura maganar azaba. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 tana ba ɗan kifin kariya ne daga lokacin da ya fara ci da kansa, wato wajen kwana 5. Kafin nan ba ta lissafa shi cikin dabbobin gwaji ba. Mu kam tun kafin kwana 5 muna ganinsa mai rai, tunda zuciyarsa na bugawa tun ranar farko, kuma idan an taɓa shi yana zabura. Saboda haka abin da muke ɗora wa mai bincike shi ne kada ya naƙasa dubu inda ɗari za su isa, kuma wanda ya gama da shi ya kashe shi nan take da maganin sa barci ko ruwan ƙanƙara, kamar yadda ake yi a ɗakunan bincike masu tsari, kada a bar shi ya daɗe yana mutuwa.