Ruwa Mai Tsarki, Fura Mai Cuta

Duk wanda ya karanta Ishmawi ko Risala a zaurukan Dogondutsi da Matankari ya san hukuncin Malikiyya: ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa, ɗanɗanonsa ko warinsa bai jirkita ba. Hukunci ne mai rangwame, ya kuma dace da mai ɗiban ruwa a rijiyoyin Dallol Mawri. Inda gizo ke saƙar shi ne a ɗauko wannan ma'auni daga butar alwala a ɗora shi kan ƙwaryar fura, a ce tunda nonon fari ne tas, ba ya wari, to babu komai. Ma'aunin yana amsa tambayar ko ruwan ya yi a yi ibada da shi. Malamai ba su taɓa cewa shi ne zai faɗa mana ko yaro zai kwana da zawo ba.

Masu awon ƙwayoyin cuta, irin na cibiyar CERMES a Yamai, su ma haka aikinsu yake, kowane ma'auni da tambayarsa. Sukan shafa ɗan abincin a kan faranti mai ɗauke da cimar ƙwayoyi, daskararriya kamar kunun da ya kwana, su ajiye a ɗumin digiri 37 na kwana guda. A farantin MacConkey, ƙwayar E. coli takan fito ruwan hoda saboda ta cinye sukarin madara, Salmonella kuwa ta fito ba launi, har mai gaggawa ya wuce ta. A kan XLD sai ga Salmonellar nan ja da baƙin ɗigo a tsakiya. Ƙwayar kwalara, wadda ta addabi Nijar a 2021, akan nemo ta a TCBS, inda take fitowa rawaya. Faranti ɗaya na iya cewa lafiya lau alhali cutar tana ciki, don ba ita aka dafa wa cimar tarba ba.

Wani zai ce, tunda su kansu farantan suna saɓa wa juna, me ya sa za mu fifita su a kan ido da hanci? Ai saɓaninsu sananne ne: mai awo ya san abin da kowanne ke ɓoyewa, shi ya sa yake haɗa biyu ko uku. Ido bai da abokin da zai gyara masa. Wani kuma zai ce cuta ƙaddara ce. Haka ne, amma shari'ar da ta koyar da ƙaddara ita ce ta haramta cutar da mutane, kuma wanda ya sani ba a yi masa uzurin wanda bai sani ba.

Ba mai cewa mai fura a kasuwar Tibiri ta aika nononta Yamai. Abin da ilimin nan ya ɗora mata kaɗan ne: ta tafasa madara, ta wanke ƙwarya da ludayi da sabulu, ta rufe daga ƙuda. Limamanmu na Arewa su sa wannan cikin karatun tsarki da huɗubar Juma'a, domin yana cikin haƙƙin mai saye.