Kada ka kulle aikin mutane a cikin kanka

Ya 'yan'uwa masu rubuta manhaja, mu ji tsoron Allah game da abin da Ya sanar da mu. Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a wuraren aikinmu: mutum ya gane sirrin wani sashe na manhaja, sai ya ƙi rubuta bayaninsa, ya ƙi koya wa na ƙasa da shi, wai don kada a iya aiki in ba shi. Ran da ya kwanta ciwo ko ya tafi Umara, aiki ya tsaya cak. Shin albashin da yake karɓa bai haɗa da wannan bayanin ba? Ya haɗa, kuma riƙe shi cin amana ne.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito gargaɗin Manzon Allah (SAW) ga wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye, cewa za a sa masa linzamin wuta ranar alƙiyama. Malamai sun fi danganta hadisin da ilimin addini, amma wanda ya bar abokin aikinsa yana fama kwana da kwanaki kan kuskuren da shi zai gyara kafin a idar da sallar La'asar, ya binciki zuciyarsa.

A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya saki Linux a fili, ya nemi mutane su duba su gyara. Yau wayar Android da ke aljihunka a kansa take tafiya. Shi kuwa OpenSSL, da yake mutane ƙalilan ne ke kula da shi, kuskuren da aka kira Heartbleed ya zauna cikinsa sama da shekara biyu kafin a gano shi a 2014, bayanan sirri na jama'a suna cikin haɗari. Ido ɗaya ba ya isar aiki.

Kai kuma ƙanena sabon shiga, girman kai ne ke hana ka tambaya, ba kunya ba. Imam Malik, da duk iliminsa, yakan ce bai sani ba. Kai aikinka a duba maka, ka karɓi gyara ba tare da ɓata rai ba.

Amma a kiyaye iyaka. Bayanan abokan ciniki da kalmomin sirri na kamfani amana ce daban, ba su cikin ilimin da ake rabawa, ko da ɗan'uwanka ne ya nema.