Wane Ne Mai Saye a Kasuwar Waya?

A da idan muka shiga kasuwar Potiskum, mai saye a fili yake: ga shi, ga kaya, ga dillali, ga shaidu. Yau ciniki ya koma cikin waya. A turo mana hoton atamfa daga Kantin Kwari ta WhatsApp, mu tura kuɗi, mu zauna jiran mota. To in aka kwance ƙunshi aka ga ba abin da aka nuna ba ne, wa doka za ta tsaya wa?

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce mai saye shi ne wanda ya sayi kaya ba don ya sake sayarwa ba, ko kuma wanda aka yi wa wata hidima. A watan Yulin 2024 hukumar ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Ba mu biya ko kwabo ba wajen buɗe WhatsApp, amma doka ta lissafa mu cikin waɗanda take karewa. Wannan ya yi kyau.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Matar da mijinta ya rasu, ta ci adashi ta sari turmi goma don ta sayar a cikin gida, ita a wajen wannan doka ba mai saye ba ce a kan kayan, 'yar kasuwa ce. In an cuce ta, sai dai ta nemi wata hanyar shari'a, da wane kuɗin?

A Islamiyya an karantar da mu cewa Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi. Laifin shi ne ɓoye aibi, ko mai sayen ci zai yi ko sari.

Mu ma fa muna sayarwa ta waya. Hoton da muka gyara har ya fi kayan kyau algus ne, ko da hukuma ba ta gani ba. Mu faɗi aibi tun kafin a turo kuɗi, mu karɓi kaya in an dawo da su da hujja, ko da wanda ya saya ɗan sari ne. Allah Ya tsarkake mana nemanmu, amin.